Shaidun da Nababa Ya Kwasa Zuwa Asibiti

Ranar Laraba da hantsi Nababa ya zo teburin Ɗanliti mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan benci, ya ce a saurara. Ni Basiru mai faci ina gefe ina tsoma tiyub a ruwa ina neman inda yake yoyo, don haka duk abin da zan faɗa muku da kunnena na ji shi.

"Nan da Litinin ta sama zan koma kan sitiyari," in ji shi. "Alhaji Madu ya sayo bas, ya ce duk Tudun Marke babu hannun da ya amince wa sai nawa."

"Haka ya ce?" in ji Ɗanliti.

"Kusan haka."

Ina wurin lokacin da Alhaji Madu ya yi maganar. Cewa ya yi, in Nababa ya kawo lasinsa a hannu kafin Litinin ta sama ta wuce, mota tasa ce. In bai kawo ba, Khalilu mai kurkura, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, zai ba wa. Lasin kuwa wata goma sha huɗu ke nan yana kulle a durowar wani ofis a birni.

Bari in faɗa muku gaskiyar maganar tun yanzu, tunda ba a teburin shayi muke ba. Nababa direba ne na gaske. Shekara goma sha takwas yana jigila tsakanin Makoda da Kano, bai taɓa take ko kaza ba. Amma in ya sauke fasinja a birni akwai wani lungu da yake leƙawa ya sha abin da Allah ya hana. A hankali barasa ta ci hantarsa, hannunsa ya fara rawa. Wata rana da rana tsaka ya suma a kan sitiyari, motar ta gangara cikin gonar dawa ta tsaya da kanta. Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji ciwo. A asibiti aka rubuta abin da aka gani a jininsa, hukuma ta karɓe lasin, aka ce ba zai ƙara ganinsa ba sai ranar da likita ya sa hannu cewa ya daina kuma ya warke.

Ya kuwa daina. Wannan ko a gaban alƙali zan shaida masa. Sai dai a bakinsa bai ma taɓa farawa ba. A bakinsa direbobin tasha ne suka yi masa asiri saboda ya fi su fasinja. Mu kuma in ya ba da labarin sai mu girgiza kai mu ce Allah ya saka masa. A garinmu haka muke, in mutum ya lulluɓe kansa ba ma ɗaga masa mayafi. Kowa ya sani, har tsofaffin da ba sa fitowa zaure, amma shi Nababa ya haƙƙaƙe ko ƙuda bai sani ba.

A lokacin shekara guda ke nan da cire tallafin mai, kwanon masara ya zama abin da talaka yake kallo ya wuce. Nababa mai agogo da baƙin tabarau ya koma sharar gonakin mutane, in aka tambaye shi ya ce duba musu aiki yake yi. Matarsa Barira ce take riƙe da gidan da suyar awara, ga yara huɗu, tukunya sau ɗaya a yini. Motar nan ba abin wasa ba ce a gidansu.

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya buɗe mana.

"Abu uku suke so. A duba jini, a duba hannu, a zo da shaida ɗaya wanda ya san zaman mutum. Shaida ɗaya kuwa na ƙananan direbobi ne. Ni mota guda zan cika da dattawa. Kowa ya shiga ya gaya wa likita Nababa ko sansanawa bai taɓa yi ba. Ya ga taro, kunya ta kama shi, ya sa hannu, ya kuma ba ni haƙuri."

Na ce, "Nababa, takardar nan ba cewa ta yi a shaida ka daina ba?"

Ya zuba min ido. "Daina me?"

Na mayar da kaina kan tiyub.

Da jini ya fara. Ya tafi kasuwa wajen mai magani ya karɓo saiwoyi da sassaƙe na wankin ciki, aka ce a jiƙa, ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Danga ce kawai tsakanin gidana da nasa, don haka na ji yadda aka kwashe.

"Ludayi ɗaya aka ce," in ji Barira.

"An faɗa wa masu ƙaramar hanta. Ni hantar direban dogon zango gare ni."

"Hantar taka ai mun ga hotonta."

"Miƙo min kwanon sha."

Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwanon. Kafin azahar na ƙirga ya ɗauki buta sau tara. Da la'asar ya daina ajiye ta. Duk da haka da yamma ya ƙara wani kwanon, wai alamar magani yana aiki ke nan, dattin asiri ne yake fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce yau za a ga hannu. Ya sa Ɗanliti ya cika kofi shida da shayi mai zafi har baki, ya jera a faranti, ya ɗauka da hannu ɗaya. Ya taka daga tebur har gindin durumi ya juyo, ko ɗigo bai zuba ba. Wallahi daɗi ya kama ni, don na san yadda hannun nan yake a bara, ko ashana ba ya iya ƙyastawa. Malam Sama'ilu ladan, wanda yake zaune a bakin benci cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya ce masha Allah.

Da Nababa ya ajiye farantin a nan da an tashi lafiya. Ina.

"Wannan ai wasa ne," in ji shi. "Da hannun nan na taɓa kauce wa tirela a kan gada. Tana tahowa, ina tahowa, ga rami a dama, ga shanu a hagu. Sai kawai na murza sitiyari haka..."

Ya murza. Kofi shida suka sauka a cinyar Malam Sama'ilu.

Malam ya miƙe tsaye yana ɗage riga daga jikinsa, yana salati. Da zafin ya lafa ya dubi Nababa ya ce, "Hannun nan lafiyarsa ƙalau. Bakin ne ya kamata a kai asibiti."

Asabar ya ce saura motsa jini a kan tuƙi. Babu mai ba shi mota ba lasin, ko Khalilu da ya roƙa kurkura cewa ya yi, "Baba Nababa, ka yi haƙuri." Lokacin ƙarshen bazara ne, an yi ruwan farko, kowa yana kai taki gona. Sai ga Baba Kolo ya biyo ta gaban tebur da amalanken shanunsa cike da taki har ya yi tozo.

"Baba, sauko ka huta," in ji Nababa. "Tuƙi duk ɗaya ne."

Ya haye, ya kama igiya, shanu suka tafi tiryan-tiryan. Ya waiwayo ya ga muna kallo.

"Gaba kowa ya iya. A ribas ake gane direba."

"Ba su san ribas ba," in ji Baba Kolo. "Shekara shida ina tare da su, ban taɓa buƙatarsa ba."

"Don ba su taɓa samun direba ba ne."

Ya ja igiya baya da ƙarfinsa, yana leƙen bayansa yana cewa taho, taho, shi ne direba shi ne kwandasta. Sa ɗaya ya tsaya cak ya ƙi motsi. Ɗayan ya fusata ya yi kwana. Amalanke ta juya, taya ɗaya ta hau tushen durumi, ɗayar ta faɗa kwata, sai ga taki yana gangarowa a hankali, ba gaggawa, ya rufe teburin Ɗanliti da burodi da gwangwanayen madara. Nababa kuma ya sauka ta ɗaya gefen, ya suri buta ya nufi bayan wata danga, don jiƙon ya sake kiransa.

Ɗanliti ya tsaya yana kallon inda teburinsa yake a da. "Shekara sha takwas ba ka take kaza ba," ya ɗaga murya yana duban dangar, "yau ka take min burodi."

"Birkin shanun ne ba kyau," in ji murya daga bayan danga.

Duk da haka ranar Lahadi bayan la'asar mu bakwai muka hallara a zaurensa, har Ɗanliti da Baba Kolo da Malam. Mutum yana iya ɓata maka tebur, amma in zai tsaya gaban hukuma ba ka barinsa shi kaɗai. Ya jera mu yana yi mana bita.

"Ɗanliti, in likita ya ce ka taɓa ganin Nababa da barasa?"

"Bai taɓa ba."

"Da ƙarfi, kana kallon idonsa. Malam?"

Malam Sama'ilu ya shafa gemu. "Ni ba zan rantse kan abin da ban sani ba. Zan dai ce ban taɓa gani da idona ba."

"Ya isa. Da ma me za ka gani?"

Duk muka dubi tabarma.

Barira ta leƙo daga cikin gida ta ce da ita za a tafi.

"Ke kuma a wa?"

"Takarda ta ce wanda ya san zamanka. Ɗanliti ne yake dafa maka tuwo?"

"Mata ba ku iya riƙe magana a gaban hukuma ba."

"Wata goma sha huɗu nake riƙe da taka."

Ya yi tari, ya gyara hula. A ƙarshe ya ce ta zo, amma 'yar rakiya ce, kada ta ce uffan. Ta ce ta ji, kuma ya tuna shi ya faɗa.

Talata da sassafe muka tashi. Kuɗin bas na mutum tara ya fi ƙarfinmu, sai Khalilu ya ce zai kai mu a kurkurarsa, a zuba mai kawai. Ku lura, shi ne wanda zai gaji motar in Nababa ya faɗi, amma shi ya shimfiɗa mana tabarma a bayan kurkura. Nababa ya fito cikin babbar riga fara da ya aro, ya sha tabarau, ya zauna gaba. Barira ta tambaye shi ko ya bar jiƙon. Ya ce yau da asuba ya shanye ragowar, don jinin ya isa asibiti yana sheƙi.

Ba mu yi nisa ba ya daki kafaɗar Khalilu. Aka tsaya. To, wanda ya san ƙasarmu a ƙarshen bazara ya san babu ko karan da mutum zai fake da shi. Gonaki fetal, gona na jikin gona, kowacce da mai ita a tsaye yana watsa taki. Nababa ya tattare babbar riga ya nufi wata kuka can nesa, yana tafe yana amsa gaisuwa.

"Direba, ina zuwa haka?"

"Ƙasa nake dubawa, zan sayi gona."

Kafin Dambatta ya duba gona uku. Kafin mu hango birni ya duba bakwai. A ta ƙarshe wani tsoho ya biyo shi har bakin kurkura yana cewa in da gaske ne tasa ta sayarwa ce.

Rana ta ɗaga, sai ya ce Khalilu ya bar kwalta, ya san wata hanyar yanke ta bayan Ungogo da ko 'yan garin ba su sani ba. Khalilu ya ce an yi ruwa jiya. Nababa ya ce yana tuƙa hanyar nan tun Khalilu yana goye. Muka shiga. Inda ya san fili ne yanzu gidaje ne, inda ya san hanya ce an haƙa ramin bulo. Muka yi ta zagaye tsakanin katangu har kurkura ta nutse a taɓo zuwa cikinta.

Aka sauko turi, dattawa da gemu. Nababa ya koma baya daidai taya yana ba da umarni.

"In na ce ɗaya, biyu, ka ba ta wuta."

Khalilu ya ba ta wuta. Taya ta juya a wuri ɗaya ta yi masa feshi tun daga hula har takalmi. Ya cire tabarau, idanunsa kaɗai ne suka rage da launinsu.

"Yanzu ka fi kama da wanda aka yi wa asiri," in ji Barira.

Sai bayan azahar muka isa asibiti. Baranda cike da marasa lafiya a kan benci. Da aka kira sunansa muka tashi mu tara muka nufi ƙofa. Likitar mace ce, Sakinatu sunanta, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ɗago kai ta ga ɗaki ya cika, ƙofa ta ƙi rufuwa saboda Baba Kolo yana tsaye a bakinta.

"Wane ne mara lafiyar?"

"Babu mara lafiya, likita," in ji Nababa. "Ni ne wanda aka zalunta. Waɗannan shaiduna ne."

"Ɗaya aka ce."

"Sauran gyara ne."

Ta dubi taɓon jikinsa, ta dubi fayil ɗin da ke gabanta, ta ce to bismilla.

Ɗanliti ya fara, yana kallon idonta kamar yadda aka koya masa. "Bai taɓa sha ba. Mutumin nan ko shayi in ya yi kauri ba ya sha."

Baba Kolo ya ce tun yana tsumma ya san shi, ruwan rijiya da fura kawai ya sani. Malam ya ce shi dai bai taɓa gani da idonsa ba. Da aka zo kaina na ce ni tayoyinsa na sani, kuma ban taɓa ganin sun yi tangaɗi ba. Sauran ukun kowa ya ɗora nasa. Nababa yana tsaye ya harɗe hannu, yana gyaɗa kai. 'Yan baranda sun matso bakin ƙofa suna saurare.

Likita ta rufe fayil.

"To, na ji. Amma kun jefa ni cikin matsala. A nan an rubuta barasa ce ta kayar da shi. In haka ne abin mai sauƙi ne. An san sababi, in ya daina, jini ya nuna, sai in sa hannu. Yanzu dattawa bakwai sun ce bai taɓa sha ba. Ke nan mutum ya faɗi a kan sitiyari haka kawai, ba mu san dalili ba. Ko farfaɗiya ce, ko zuciya, ko wani abu a ka. Wanda ban san abin da yake kayar da shi ba, ba zan ɗora shi a mota da rayukan mutane ba."

"Asiri ne, likita."

"Ba mu da takardar asiri. Zan tura ka hoton kai, sannan a sa maka ido shekara guda. In ba ka sake faɗuwa ba, sai a duba."

"Shekara?"

"Ko biyu."

Ta jawo takarda ta buɗe biro. Nababa ya zaro ido. Ya matsa kusa da Ɗanliti ya taka masa ƙafa.

"Ɗanliti, ka tuna da kyau. Ko dai sau ɗaya, bisa kuskure..."

Ɗanliti ya ɗauka gwada shi ake yi. Ya daki ƙirji. "Ko sau ɗaya. A kawo Alƙur'ani."

"A'a, ba sai an kawo ba," in ji Malam da sauri.

"Baba Kolo, kai babba ne. Ba ka taɓa jin wani ɗan ƙishin-ƙishin ba?"

"Kada ka bari yarinya ta tsorata ka, ɗana. Muna bayanka. Mu a garinmu ba a yi wa namu ƙazafi muna tsaye."

Ya dube ni, yana ƙifta ido har tabarau na zamewa. Na gane sarai abin da yake so. Amma ku gaya min, shekara biyar ina rufa wa mutum asiri, sai in tashi a gaban baranda guda in tona? Na kawar da kai. Biron likita yana ta tafiya.

Ya juya wajen matarsa, wadda take tsaye a kusurwa.

"Barira, yi magana."

"Ka ce kada in ce uffan."

"Na janye."

"Ba tawa ba ce. Mai ita ya faɗa."

Nababa ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya ce wani abu da ko ni da nake kusa ban ji ba.

"Ban ji ba," in ji likita, ba ta ɗago ba.

"Na sha."

Ta ajiye biro.

"Na sha, likita. Shekara shida ina sha. Ita ta kayar da ni, babu wanda ya yi min asiri. Tun ranar da aka sallame ni daga gadon asibiti ban ƙara ba, Allah ne shaidata. Yarana sau ɗaya suke cin abinci. Don Allah kada ki rubuta shekara."

Hawaye ya yanko hanya a cikin taɓon fuskarsa. Wata tsohuwa a baranda ta ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ni kam tausayi ya kama ni har na kasa kallonsa, na tsaya ina karanta kalandar bango.

Likita ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku bakwai na ga irin shaidarku. Ku tsaya nan ku ji yadda ake yi." Ta juya wajen Barira. "Baiwar Allah, ya daina?"

"Ya daina."

"Ta yaya kika sani?"

"Ni nake wanke rigarsa, ni nake jin numfashinsa. Da in ya dawo yara ɓuya suke yi. Yanzu a kansa suke hawa. Wata biyun farko ya yi ta rawar ɗari yana kuka, ni na riƙe shi. Ƙarya dai bai daina ba, amma wancan ya daina."

"Za ki sa 'ya'yanki a motar da yake tuƙawa?"

Barira ta dubi mijinta.

"Bara ko akuyata ba zan sa ba," ta ce. "Bana zan sa su, in zauna a gaba."

Likita ta sa ya miƙa hannuwansa, ta ɗora takarda a kai. Takarda ba ta motsa ba. Ta tambaye shi ko yana shan wani magani, Barira ta ba ta labarin kwanon sha. Nan fa ta yi masa tatas, ta ce da ya ƙara kwana biyu da ya ƙarasa abin da barasa ta rage. Ta ce ya bar jiƙo, ya sha ruwa, ya dawo Juma'a shi da matarsa kaɗai. In jini ya yarda da Barira, za ta sa hannu.

Don kada in bar ku a rataye, jinin ya yarda. Ta sa hannu, ya kai ofis, ranar Litinin da la'asar ya ajiye lasin a gaban Alhaji Madu. Amma ni abin da ya tsaya min a rai a hanyar komawarmu ta ranar Talatar nan ya faru.

Bai zauna gaba ba. Ya hau baya tare da mu, ya takure a kusurwa. A haka muka bar birni har muka wuce Ungogo. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malam."

"Na'am."

"Da na faɗa, ban ga ko ɗayanku ya yi mamaki ba."

Ya ɗago ya bi mu da kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun wata magariba da ka shigo sahun gaba ka sha turare kwalba guda, ka ce amin liman bai fara Fatiha ba," in ji Malam. "Shekara biyar ke nan."

"Kai fa, Ɗanliti?"

"Citta da lemon tsamin da nake ƙara maka a shayi kowace safiya, kana tsammanin don kyanka ne?"

"Basiru?"

Na ce, "Ranar gonar dawa ni na riga kowa isa. Ni na ɗauke kwalbar daga ƙarƙashin kujera."

Ya mayar da ido kan tabarma. "Kuka bar ni ina ta ba ku labarin asiri."

"Labarin yana da daɗi," in ji Ɗanliti. "Kullum da sabon boka."

"Kuma ba ku kore ni daga sahu ba."

"Mu kore ka ka tafi ina?" in ji Malam. "Namu ne kai. Mun dai yi ta roƙa maka. Laifinmu ɗaya, da mun kira ka zaure mun faɗa maka tun kafin gonar dawa. Ranar nan mutum goma sha huɗu ne a motar. Wannan yana wuyanmu, ba kai kaɗai ba."

Nababa ya ja hannun babbar riga ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suna motsi. Barira ta kawar da kai tana kallon gonaki, mu ma kowa ya nemi abin kallo. Muka yi tafiya mai nisa a haka.

Can ya sauke rigar, ya share hanci, ya leƙa gaba. Muryarsa a dishe ya ce, "Khalilu, rage wuta. Haka ake shiga kwana?"

Hanyar a miƙe take samɓal, babu kwana ko ɗaya har Dambatta. Khalilu ya ce, "To, Baba," ya rage.